Takardar da Kawu Sha'ibu Ya Ɓoye

Yamai, 6 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Kawu Sha'ibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗiyarka Salima da mutanen Garhanga baki ɗaya. Ya aka ji da kaka? An ce bana hatsi bai yi kai sosai ba a wajenku, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi in ta ga dama.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Munira ce, ɗiyar Rukaiya ta gidan Takawa a Tamaske, wadda kakanta da kakanka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau biyu muka taɓa haɗuwa: ran sunan ƙanena, da ka tsare ni da tambayoyin Faransanci har na fashe da kuka, sai kuma zaman makokin matarka Inna Biba, Allah ya jiƙanta, shekara huɗu ke nan. Inna ta ce kar in kuskura in yi maka saƙon murya a waya, wai kai sai abin da aka rubuta. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban Tamaske da ke sauka kusa da mu.

Alfarma nake nema. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma kundin da nake rubutawa a kan yadda ɗalibai ke kallon koyon harshe ne. In ka tambayi yaro kai tsaye ko yana son Faransanci, zai ce e, don ya san amsar da ake so. Amma in ka ce ya kamanta shi da wani abu, sai ya ɗauko abin da ya sani a gida, jaki ko rijiya ko takalmi, kuma ta nan abin da ke ransa ke fitowa ba da saninsa ba.

Ga takardu nan na haɗo. Kowace tana da layi biyu da za a cike: "Koyon Faransanci kamar … ne, saboda …", sai kuma "Malamin harshe kamar … ne, saboda …". Ka raba wa ajinka na ƙarshe, masu jiran birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Kar kowa ya sa suna. Kowa ya rubuta da harshen da ya fi masa daɗi. Kar a gyara, kuma Kawu, don Allah kar ka karanta.

A gaida Salima, a ce mata har yau ina tuna yadda ta riƙe gefen zanena ran makoki.

Ɗiyarka,
Munira

Garhanga, 28 ga Nuwamba, 2023

Ɗiyata Munira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na gane ki tun kafin ki faɗi suna, don ba kullum nake sa ɗiyar mutane kuka a gidan suna ba. Muna lafiya. Hatsi dai kamar yadda kika ji, amma rumbu bai kwana wayam ba. Ki ce wa Rukaiya ta rage hawa da sauka.

Aikinki na yi shi yadda ya kamata. Yara arba'in da uku ne, takardu arba'in da uku ga su nan. Da na raba sai na ga sun yi zuru suna kallona kamar na ba su kuɗin wata ƙasa, sai na rubuta musu misali a allo: Faransanci kamar fitila ne, saboda yana haskaka hanya. Nan da nan hannu ya saki. Zancen harshen da ya fi daɗi kuwa, ban bi ba. Shekara ashirin da takwas ina koyarwa, ba a taɓa rubuta Hausa a ajina ba, kuma ba zan aika Yamai da abin da zai sa malamanki su yi wa yaran Adar dariya ba. Saboda haka na bi da alƙalamina jan bik na gyara kurakurai, na ba kowa maki bisa ashirin. Ban karanta don in ji sirrin kowa ba, gyara kawai na yi.

Kin tambayi lafiyar Salima. Tana cikin ajin, ita ce ta ɗaya, kuma tata takardar sha tara ta samu. Ko babu suna na san hannun ɗiyata. Faransancinta ya fi na wasu da ke ofis a Tawa. Da shi nake mata magana a gida tun tana rarrafe, ga amfaninsa nan muna gani.

Amma tun da kin tambaya, bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar uwarta, yarinyar nan ba ta magana da ni sai abin da ya zama dole. Mu biyu ne a gidan. Ta dafa, ta share, ta yi karatu, in na yi tambaya ta amsa daidai tsawon tambayar. Ba rashin kunya, ba fushi, ba abin da zan kama in ce ga shi. In tana wanke-wanke nakan ga leɓenta na motsi, sai in ce tilawar darasi take. Ba ni da kowa sai ita, Munira, kuma na rasa ta inda zan shiga.

Allah ya ba ki sa'ar kundi.

Kawunki,
Sha'ibu Kalla

Yamai, 10 ga Disamba, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa. Inna ta ce ta ji, amma ta ce kai ma ka rage gardama.

Kawu, ka kashe ni! Na buɗe ambulan na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo, daga baya kuma na zauna na yi tagumi. Fitila talatin da ɗaya. Rana bakwai, wata uku, sai biyu da suka yi ƙarfin hali suka ce cocila. Malami kuwa duk uba ne mai tausayi. Na aika in ji muryar yara arba'in da uku, sai muryarka ta dawo mini sau arba'in da uku, ga jan bik ko'ina kamar an yanka kaza a kai.

Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Ba jarrabawa nake yi ba, kuma ba Faransancinsu nake aunawa ba. So nake in ji abin da suke ji in sun zauna gabanka. In an san haka, ko mai tsara darasi zai san inda ke ciwo. Kuskuren rubutu bai dame ni ba, tsoro ne ke ɓata mini aiki.

Ga sababbi nan, na sa musu lamba a kusurwa don kar su ɓace mini. A wannan karon ka ba wata malama ta raba, kai kuma ka fita ajin gaba ɗaya, kar ma su hango inuwarka ta taga. A ce musu Hausa ta halatta, Buzanci ma ya halatta ga mai iya rubuta shi. In sun gama a zuba a ambulan a liƙe.

Zancen Salima ya tsaya mini a rai. Wataƙila kewa ce kawai, shekara goma sha ɗaya gare ta lokacin. In an yi hutu ka bar ta ta zo mana, ko bakinta zai buɗe cikin mata.

Munira

Garhanga, 19 ga Janairu, 2024

Ɗiyata,

Muna lafiya. Sanyi ya sa rabin aji tari.

Na yi yadda kika ce. Madam Sa'ida mai koyar da lissafi ta raba, ni kuma na tafi gindin itacen bedi na zauna kamar wanda aka kora. Awa guda suka yi. Ban taɓa ganin sun rubuta wani abu awa guda ba tare da na tsaya a kansu ba. Madam ta kawo mini ambulan a buɗe, ta ce ba ta da abin liƙewa. Na kai shi gida, na ajiye, na yi alwala, na dawo na same shi inda yake. Na karanta. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Wani ya ce koyon Faransanci kamar takalmin da yayansa ya kawo daga Abijan ne, kowa na yabawa, shi kaɗai ya san inda yake cizonsa. Wata ta ce kamar ɗaukar duwatsun tare ruwa ne, uwarta ta yi shekara biyar tana ɗauka a ka, gonar da ta gyaru ta wani ce. Akwai wanda ya ce kamar haƙar rijiya a ƙasarmu ne, sai ka yi gaba ashirin kafin ka ga danshi, amma in ka kai gari duka ya sha. Wannan na karanta shi sau uku, don shi kaɗai ya ji tausayina.

Malami kuwa, uba mai tausayi ya ɓace. Wani ya kira ni Mushe, yadda suke kiran malami, ya kamanta ni da ma'aikacin kwastan: "Mushe kamar ɗan duwan na, bai tambayarka ina za ka, sai dai mi ka ɓoye." Na san mai hannun. Yana gaida ni kullum har ƙasa.

Ga su nan. Ki yi aikinki.

Sha'ibu

Yamai, 2 ga Fabrairu, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin sanyi.

Allah ya saka! Wannan shi ne abin da nake nema. Malamin da ke duba aikina ya karanta ta duwatsu ya cire tabarau ya ajiye. Na fara kasa su kashi-kashi: masu ganin harshen kaya ne a ka, masu ganinsa hanyar fita, masu ganinsa kayan aro.

Sai dai akwai magana. Arba'in da biyu na samu. Na juye ambulan, na duba ƙarƙashin katifa, babu lamba sha bakwai. Kuma wasiƙarka ta zo a bushe, ko gaisuwar Inna babu. Ina jin na gane: wani yaro ya wuce gona da iri ya zage ka, kai kuma ka cire ta. Kawu, don Allah kar ka hukunta shi. Alkawari aka yi musu cewa ba wanda zai gani, kuma da sunana aka yi. In ka kira shi ofis, to ka tabbatar wa mai zancen ɗan duwan maganarsa ke nan. Ka aiko ta ko da zagi ne, na fi buƙatarta a kan masu daɗin.

Munira

Yamai, 20 ga Maris, 2024

Kawu,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumi na zuwa da sauƙi, an ce zafin yankinku na Keita bana ba a magana.

Sau uku direba ya dawo hannu wofi. Ya ce ya gan ka, ka karɓi wasiƙa, ka ce babu amsa. Na kira wayarka tana ta ƙara. Na karanta wa Inna abin da na rubuta maka, ta ce ba ni da ta ido, wai ina ni ina koya wa mai furfura riƙon alkawari. Gaskiyarta. Ka yafe mini albarkacin watan nan. Na haƙura da takardar, kundi zai tafi a haka. Layi ɗaya kawai nake so in ji kuna lafiya.

Ɗiyarka,
Munira

Garhanga, 14 ga Afrilu, 2024

Ɗiyata Munira,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Jikinmu lafiya. Ki gaida Rukaiya, ki ce mata ta daina yi miki faɗa, ba ki yi laifi ba. Ba wanda ya zage ni. Da zagi ne da na aiko miki tun tuni, har in gyara masa rubutu.

Ta Salima ce. Da Hausa ta rubuta, kuma ban taɓa ganin Hausa da hannunta ba sai ran nan. Ga abin da ke ciki, na kwafe miki harafi da harafi:

"Koyon Faransanci kamar sharar ɗaki ne kafin a shigo da sabon gado, saboda sai an fid da abin da ke ciki. Ni an fid da nawa tun ban san mine ne ba. Ran da Inna za ta rasu ta kama hannuna ta yi mini magana mai tsawo da Buzanci, tana kallona tana jiran amsa. Na ce to. Ta saki hannuna. Har yau ban san abin da na ce ma to ba. Kullum ina maimaita abin da na ji don kar ya ɓace. Malamin harshe kamar mai shara ne, yana aikinsa tsakani da Allah, bai duba abin da ya bi tsintsiya."

Ke ba ki san Biba sosai ba. Mutanen wani ƙauye ne kusa da Babankatami, manoma, waɗanda kakanninsu suka zauna ƙarƙashin masu raƙuma. A gidansu Tamajak ake yi, abin da muke cewa Buzanci, Hausa kuma sai a kasuwa. Da aka haifi Salima na kafa doka: ni Faransanci, uwarta Hausa, Buzanci kuwa kar in ji shi a gidana, ko a wasa, ko a lallashi. Na ce harsuna uku za su dagula mata baki. Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Wanda ban faɗa ba, ba na so a ji shi a bakinta a tuna mata asali. Ni ina yaro a lakwal, makarantar boko, an rataya mini ƙashin jaki a wuya saboda na yi Hausa a fili, na wuni da shi yara na bi na, kuma na rantse ɗana ba zai ɗauki komai a wuya ba. Biba ba ta yi musu ba. Sau ɗaya na shigo na same ta tana yi wa jaririya wata waƙa a hankali, ta gan ni, ta haɗiye.

Da hawan jini ya kayar da ita muka kai ta likita a Madawa, Hausar ta tafi gaba ɗaya. Likitan ya ce hakan na faruwa, harshen farko shi ke saura. Kwana biyar tana magana muna kallonta. Shekara goma sha huɗu ina aure da matar nan, ban san yadda ake cewa ruwa da harshenta ba. Ranar ƙarshe na fita sallar la'asar na bar su su biyu. Da na dawo an rufe ta. Na tambayi Salima ko ta ce wani abu, ta ce a'a.

Ashe motsin leɓen nan da nake jin daɗinsa ba darasina ba ne. Kuma na san dalilin da ba ta kai wa kowa ya fassara mata ba, ga masu jin Buzanci har a ajinsu: ni na koya mata cewa ba a sanar da mutane.

Wata uku takardar tana aljihun rigata. Ina shiga aji da ita, ina kallon yarinyar a layin gaba tana ba ni amsa daidai. Ba ta san na karanta ba. Ke da kika yi karatun abin, ki faɗa mini: in an ji abin da ke ransu, sai a yi yaya?

Sha'ibu

Yamai, 25 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Na karanta, na kai wa Inna, mun yi kuka mu biyu. Ka yafe mini zaton da na yi.

Littattafaina sun koya mini yadda ake tambaya da yadda ake kasawa, ba su ce komai a kan wannan ba. Ba zan sa takardar a kundi ba, ba tawa ba ce. Abin da na sani kawai, Salima ta san hannunta ba ɓoyayye ba ne a wurinka, kuma ta san Madam za ta miƙa maka ambulan. Ban ce don kai ta rubuta ba, amma ba na jin don ni ce.

Ka gaya mata ka karanta. Inna ta ce Lalla, goggon Inna Biba wadda ta rene ta, tana nan da rai a ƙauyensu, sai dai ido ya yi rauni. In akwai wanda zai gane maganar, ita ce. Kar ka jinkirta, Kawu.

Munira

Garhanga, 21 ga Yuli, 2024

Ɗiyata Munira,

Assalamu alaikum. Ruwa ya sauka, an yi shuka, har an fara noman farko. Na ji kin kare kundinki lafiya, Allah ya sa albarka. Salima ma ta ci birbe, ita ce ta ɗaya a cibiyarsu. Mutane na ta zuwa yi mini barka.

Kin ce kar in jinkirta, na jinkirta. Na ce bari jarrabawa ta wuce kar in dagula mata kai. Halin dai na nan. Washegarin fitowar sakamako da safe tana tankaɗe a tsakar gida, na zaro takardar na ajiye a bakin tabarma. Na yi mata magana da Hausa, bakina har yana harɗewa. Na ce na karanta, na ce na yi kuskure, na ce ta shirya mu je wurin Lalla. Ta dubi takardar, ta kakkaɓe hannu, ta ce, "Yaushe?" Shi ke nan abin da ta ce.

Mun bi motar kasuwa zuwa Buza, daga nan Babankatami, sauran kuma a amalanke don ƙorama ta cinye hanya. Rabona da ƙauyen tun ɗaurin aure. Lalla na zaune a rumfa tana ɓarar gujiya. Ta shafa fuskar Salima tun daga goshi har haɓa, ta kira sunan Biba, ta yi ta magana da harshensu. Da ta ji shiru sai ta juya Hausa, ta ce da ni, "Mushe, kai ne? Ashe ka san hanya."

Na faɗi abin da ya kawo mu. Aka kori yara. Salima ta durƙusa gabanta, ta rufe ido, ta fara. Munira, muryar Biba ce sak, inda take ja, inda take saukewa, har da inda numfashi ya yanke mata. Ta yi kusan minti biyu ba ta tsaya ba. Lalla ta ce ta sake. Ta sake. Ta ce ta matso kusa da kunnenta, a hankali. Ta sake na uku. Hawaye na bin fuskar tsohuwar, ni kuma na ce a raina alhamdu lillahi, ta gane.

Sai ta ce, "Ɗiyata, muryar na ji, ta Biba ta. Amma maganar ta zube. Bakin da bai san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba, in ya yi shekara biyar yana juya ta, sai ta koma kamar dutsin gulbi, ba ta da wurin kamawa. Da kun taho shekarar da anka yi rasuwar, wataƙila."

Salima ta ce, "Ko ɗaya, Kaka?"

Ta ce, "Na ji sunanki sau biyu. Sauran ban iya rantsuwa."

Da Salima ta tashi ta zaga bayan rumfa, na matsa kusa da tsohuwar na yi abin kunya. Na roƙe ta ta faɗa mata wani abu, ko mene ne: ta yi haƙuri, ta riƙe salla, ta yi karatu, irin abin da uwa ke faɗa. Wa zai sani? Lalla ta juyo da idanun nan nata da ba su gani, ta ce, "Kai ka hana ta magana tana da rai. Ni ba ni sa mata tawa a baki tana kabari."

Mun kwana biyu. Salima na bin matan gidan rijiya, tana nuna abu suna faɗa mata sunansa suna dariya, ita ma har ta yi dariya sau ɗaya, na jiyo daga zaure. Ran komawa na ɗauko jakarta, ta ce in bar ta. Za ta zauna wurin Lalla har ƙarshen damina. Na tambaye ta zancen lise, babbar sakandare, a Tawa, tun da an riga an ba ta wuri. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Da can da na yi faɗa. Na tsaya da jaka a hannu, na ajiye.

Ta rako ni har inda amalanke ke jira. Ina ta yi mata Hausa a hanya, ina cewa ta kula da sauro, ta aiko in tana son wani abu, ta yafe mini in za ta iya. Tana tafe tana kallon ƙasa. Da na hau, ta ɗago ta yi mini sallama da Faransanci: ta gode da rakiya, ta yi mini fatan sauka lafiya, ta ce in gaida mutanen gida. Irin sallamar da ake yi wa baƙo mai mutunci. Na bi maganar a kaina tun daga nan har Garhanga, ina neman inda ta yi tuntuɓe, ko wuri ɗaya da zan ce muryarta ta rawa. Babu kuskure ko ɗaya, Munira. Haka na koya mata.

Ki gaida Rukaiya. Ku sa mu a addu'a.

Kawunki,
Sha'ibu